Mudu da Hatsi: Tarihin Ra'in Geji da Tambayoyin da Ya Bari

Gabatarwa

Kalmar geji ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Direba yakan duba gejin mai kafin ya ɗauki hanya, mai faci kuma yakan ɗora geji a kan taya domin ya san iskar da ta sha. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da wannan kalma ce aka raɗa wa ra'in da masana fiziks suka dogara da shi wajen bayanin uku daga cikin ƙarfafa huɗu da ke riƙe da halitta, wato ƙarfin lantarki da maganaɗisu, da ƙarfi mai rauni wanda ke sa wasu ƙwayoyin zarra su rikiɗa, da kuma ƙarfi mai tsanani wanda ke ɗaure cibiyar ƙwayar zarra. Wannan maƙala za ta bi sawun ra'in geji tun daga tushensa, sa'an nan ta tsaya a kan tambayar da masana falsafa ke ta ja-in-ja a kanta har yau: a cikin lissafin da ake bayyana duniya da shi, wane ɓangare ne hatsi, wane ne kuma mudu kawai? Domin sauƙaƙa bayani, za a ɗauko misalai daga kasuwancin Hausawan Agege.

Agege, Goro da Ma'auni

Zaman Hausawa a Agege yana da alaƙa ta ƙut da ƙut da goro da kuma jirgin ƙasa. A da can fatake ke ɗauko goro daga Gwanja a kan jakuna. Daga baya aka riƙa kawo shi Ikko ta teku, har manoman ƙasar Yarabawa suka shiga dasa shi a Agege da Ota da Shagamu. An fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya isa Badun a 1901, sa'an nan a 1912 jirgi ya haɗa Ikko da Kano. Wannan ne ya mai da Zangon Agege wurin ɗaure huhu da lodinsa zuwa Arewa.

Ɗan kasuwa a irin wannan wuri yana hulɗa da ma'auni iri biyu. Ƙwaryar goro ƙidaya ce, goro 100 ke nan, ko a Agege ko a Kurmi. Mudu kuwa kowace kasuwa da nata. Idan aka ce mudu goma na gero, ba a faɗi kome ba tukuna sai an ce mudun ina. Duk da haka ciniki bai taɓa tsayawa ba, domin 'yan kasuwa sun san yadda ake mai da mudun wannan gari zuwa na wancan. Haka kuma ranar 1 ga Janairu, 1973, da Nijeriya ta bar fam ta koma naira, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Lambobin da ke cikin littafin kowane dillali sun sauya, amma ba wanda ya wayi gari da ƙarin goro ko ɗaya. Ra'in geji kacokan ya ginu ne a kan wannan bambanci, tsakanin abin da ke sauyawa idan an sauya ma'auni da abin da ke nan daram.

Malaman ƙasar Hausa ma sun san irin wannan bambanci. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake tsara hatimi. Hatimi mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15, ana iya juya shi ko a kife shi ya fito da fuska takwas, alhali kuwa hatimi ɗaya ne tak. Fuskokin na mai rubutu ne, dangantakar lambobin ita ce hatimin.

Tsuntsu a Kan Waya

Kowa ya taɓa ganin tsuntsu zaune a kan wayar lantarki lafiya lau. Dalili shi ne ƙafafunsa biyu suna kan mataki ɗaya na lantarki. Abin da ke kisa shi ne bambancin mataki tsakanin wuri biyu. Wannan mataki shi ake kira fotanshal, kuma inda aka ɗauka a matsayin sifirinsa zaɓi ne kawai na mai awo.

Lokacin da James Clerk Maxwell ya tattara dokokin lantarki da maganaɗisu a 1865, ya ba fotanshal babban matsayi, domin yana ganin shi ne fassarar wani yanayi da Michael Faraday ya yi hasashensa tun 1831. Amma a shekarun 1880 Oliver Heaviside a Ingila da Heinrich Hertz a Jamus suka sake rubuta dokokin, suka kawar da fotanshal gefe. Hujjarsu ita ce, ana iya sauya shi ta hanyoyi marasa iyaka ba tare da fagen lantarki ko na maganaɗisu ya sauya ba, kuma fagen nan shi ne allurar na'ura ke nunawa. Daga nan aka ɗauki fotanshal tamkar tsanin magini, wanda ake jinginewa idan gini ya kammala. An zauna a kan wannan fahimta shekara kusan saba'in.

Weyl da Einstein

A 1915 Albert Einstein ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo abu ƙasa lanƙwasar sarari da lokaci ce. A sarari mai lanƙwasa, idan aka ɗauki kibiya aka zagaya da ita aka dawo, ba tare da an karkata ta da gangan ba, za a tarar ta fuskanci wani waje daban. Hermann Weyl, masanin lissafi da ke koyarwa a Zurik, ya yi tambaya a 1918: in har fuskar kibiya tana sauyawa da tafiya, me zai hana tsawonta ma ya sauya? Sai ya ba kowane wuri a sarari 'yancin zaɓen nasa ma'aunin tsawo, kamar yadda kowace kasuwa ke da mudunta. Hakan ya wajabta samun ƙa'idar da za ta fassara ma'aunin wani wuri zuwa na maƙwabcinsa. Da ya rubuta wannan ƙa'ida, sai ga ta da siffar fotanshal ɗin Maxwell sak. Weyl ya ɗauka ya haɗa lantarki da ƙarfin jawowa a gida ɗaya. Kalmar Jamusanci da ya yi amfani da ita tana nufin daidaita ma'auni, irin aikin hukumar duba sikeli da mudu, aka fassara ta da geji a Turanci.

Einstein ya yaba kyawun lissafin, amma ya ƙi amincewa da shi, kuma an buga sukarsa a ƙarshen maƙalar Weyl ɗin kanta. Ana iya fahimtar sukar da misalin dogo, wanda faɗinsa ma geji ake ce masa. Tsohon layin da ya ratsa Agege faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon layin Legas zuwa Badun da aka buɗe a 2021 kuwa milimita 1,435. A duniyar Weyl, idan tarago biyu masu faɗi ɗaya suka rabu a Agege, ɗaya ya tafi Kano ya dawo, ɗaya ya tsaya, to ana iya tarar da faɗinsu ya bambanta, gwargwadon fagen lantarki da maganaɗisun da matafiyin ya kewaye. Haka agogo biyu za su dawo kowane da irin gudunsa. Amma ƙwayoyin zarra agogo ne na halitta, kuma kowace ƙwayar haidirojin launin haske iri ɗaya take fitarwa, ko ta ina ta biyo. Da tarihin tafiya yana sauya ma'auni, da ba a ga haka ba. Gani ya kori ji, ra'in Weyl na farko ya faɗi.

Hannun Agogo

Bayan bayyanar ilimin kwantam aka gane inda kuskuren yake. A wannan ilimi, ilektiron yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma a kowane wuri igiyar tana ɗauke da wani abu mai kama da hannun agogo, mai nuna inda kaɗawarta ta kai. Vladimir Fock a 1926 da Fritz London a 1927 suka lura cewa lissafin Weyl ya dace da wannan hannun agogo. A 1929 Weyl da kansa ya dawo ya gyara ra'insa: abin da kowane wuri ke da 'yancin zaɓa shi ne inda zai sa ƙarfe goma sha biyu a fuskar agogon, fotanshal kuwa shi ne ƙa'idar gwama agogon wuri da na maƙwabcinsa. Da yake juyawar hannun agogo ba ta taɓa tsawon kome ba, sukar Einstein ta kau. Sunan geji dai ya zauna, ko da yake tsawon da ya jawo sunan ya fita daga maganar.

Misalin 'yan canji, wanda masanin fiziks Juan Maldacena ma ya yi amfani da irinsa, yana haskaka wannan. A ƙaddara mutum ya canza naira 100 ya sami sefa 200 a Kwatano, ya canza su ya sami sidi 20 a Ankara, ya dawo Legas aka ba shi naira 110. A 2007 Gana ta mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. Irin wannan sauyi zai canza farashin canji a kan iyakokinta duka, amma ribar naira 10 da zagayen ya bayar ba za ta motsa ba. Farashin canji tsakanin maƙwabta shi ne fotanshal. Ribar zagaye ita ce fagen maganaɗisu, kuma ita ce ke sa 'yan kasuwa su motsa.

Daga Yang da Mills Zuwa Abdus Salam

Furoton da niyutiron, mazauna cibiyar ƙwayar zarra, nauyinsu bai bambanta da ko kashi biyu cikin dubu ba, har Werner Heisenberg ya ɗauke su a 1932 a matsayin fuska biyu na abu ɗaya. A 1954 Chen Ning Yang da Robert Mills, suna aiki a Brookhaven ta Amurka, suka ba kowane wuri 'yancin zaɓen wace fuska zai kira furoton. A nan juyawar ta fi ta hannun agogo sarƙaƙiya, domin wadda aka fara yi da wadda aka yi daga baya suna sauya sakamako. Wannan ya sa ƙwayoyin da ke ɗauke da ƙarfin suke jan junansu, abin da ƙwayoyin haske ba su yi. Ronald Shaw, ɗalibin Abdus Salam a Kambirij, ya kai ga irin wannan lissafi shi kaɗai, ya sa shi a kundin digirinsa na 1955.

Sai dai akwai matsala. Ra'in ya nuna cewa masu ɗauke da ƙarfin ba su da nauyi, ba a kuwa taɓa ganin irinsu ba. Lokacin da Yang ya gabatar da aikinsa a Princeton a 1954, Wolfgang Pauli ya tsare shi da tambaya a kan nauyin nan har ya zauna, sai da J. Robert Oppenheimer ya sa baki ya ci gaba. Mafita ta zo a 1964, lokacin da Robert Brout da François Englert da Peter Higgs da wasu suka nuna yadda wani fage da ya cika sarari zai iya ba waɗannan ƙwayoyi nauyi. Steven Weinberg a 1967 da Abdus Salam a 1968 suka ɗora wannan a kan aikin Sheldon Glashow na 1961, suka haɗa lantarki da ƙarfi mai rauni. Gerard 't Hooft ya tabbatar a 1971 cewa lissafin yana ba da amsa mai iyaka. A 1973 aka gina ra'in ƙarfi mai tsanani a kan tsarin Yang da Mills ɗin dai.

Gwaji ya mara musu baya. Su ukun, Glashow da Weinberg da Salam, sun karɓi kyautar Nobel a 1979. A 1983 cibiyar CERN da ke Jeniba ta gano ƙwayoyin W da Z, kowace ta fi furoton nauyi fiye da sau 80, kamar yadda aka yi hasashe, a 2012 kuma ta gano ƙwayar Higgs. Salam, ɗan ƙasar Pakistan, shi ne ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta Trieste a Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa, kuma 'yan Nijeriya da dama sun yi bincike a can.

Inda Ba Fage, Amma Akwai Tasiri

Ana cikin wannan tafiya ne tsanin da aka jingine ya dawo tsakar gida. A 1959 Yakir Aharonov da David Bohm, a Jami'ar Bristol, suka kawo wata shawara, wadda Werner Ehrenberg da Raymond Siday suka riga suka hango a 1949 ba a kula ba. A naɗe waya kamar tsinke mai tsawo, yadda fagen maganaɗisu zai kasance a cikinta kawai. A raba igiyar ilektiron biyu, rabi ta dama, rabi ta hagu, su haɗu a gaba. Ba inda ilektiron ya taɓa fagen. Amma lissafi ya ce zanen da igiyoyin biyu za su yi a mahaɗarsu zai gusa, gwargwadon maganaɗisun da ke ɓoye a ciki. Robert Chambers ya ga alamar haka a 1960. Masu shakka suka ce wataƙila fagen yoyo yake yi. A 1986 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan suka lulluɓe wani ɗan ƙanƙanen zoben maganaɗisu da ƙarfen niyobiyam mai hana fage fita, zanen kuma ya gusa. Ruwa ba ya tsami banza. Mene ne ya taɓa ilektiron ɗin?

Tambayoyi Uku

Tambaya ta farko ita ce wannan, kuma an ba ta amsa uku. Wasu suka ce fotanshal abu ne na haƙiƙa, domin shi ke nan a inda ilektiron ya bi. Matsalar ita ce fotanshal marasa adadi suna ba da sakamako ɗaya, ba gwajin da zai ce ga na gaskiyar, kuma dokokin ba su iya faɗin wanda zai kasance gobe. Wannan ya yi kama da muhawarar Leibniz da Clarke ta 1715 zuwa 1716: da za a gusar da duniya duka taku ɗaya gabas, wata duniya ce daban ko ita ce dai? Leibniz ya ce bambancin da ba ya bambanta kome ba bambanci ba ne. Wasu kuma suka ce fagen ne kaɗai haƙiƙa, sai dai yana tasiri daga nesa, a inda ba ya nan. Wannan ya saɓa wa ginshiƙin da Faraday da Maxwell suka kafa, cewa abu yana taɓa maƙwabcinsa ne kawai. Amsa ta uku, wadda Tai Tsun Wu da Yang suka share wa fage a 1975, kuma masanin falsafa Richard Healey ya kare ta a littafinsa na 2007, ita ce haƙiƙar tana ga zagayen kansa. Ribar ɗan canji ba ta Kwatano, ba ta Ankara, ba ta Legas, ta kewayen ce gaba ɗaya. Wannan amsa ta fi sauran tsabta, amma tana da tsada: dole a yarda cewa sanin halin kowane yanki na sarari ɗaya bayan ɗaya bai isa a san halin sararin duka ba.

Tambaya ta biyu ta shafi abin da ake koya wa ɗalibai. Littattafai da yawa sukan ce 'yancin zaɓen ma'auni a kowane wuri shi ke haifar da ƙarfin lantarki. Wannan magana ta wuce gona da iri. Sauya fam zuwa naira ya wajabta sabon jadawalin canji, amma bai haifar da ribar ko kwabo ba. Haka 'yancin geji yana wajabta ƙa'idar gwamawa, amma ba ya cewa dole zagaye ya ba da wani abu. Cewa akwai fage na gaske mai ɗauke da kuzari, gwaji ne ya faɗe shi. To in haka ne, me ya sa bin wannan hanya ya kai masana ga dokokin gaskiya har sau uku? Amsa ɗaya ita ce, ƙwayoyi irin na haske ba su shiga lissafin da ya jitu da kwantam da ra'in Einstein sai ta wannan tsari. Carlo Rovelli kuma ya kawo wata: abin da ke kama da rara idan an dubi abu ɗaya shi kaɗai, shi ne mariƙin da yake haɗuwa da wani ta wurinsa. Mai hatsin da zai ci abinsa a gida ba ya bukatar mudu. Ranar da zai yi ciniki da wani ne mudu ke aiki.

Tambaya ta uku tana kan Higgs. Akan ce a can daidaiton geji ya karye. Amma in geji yanayin rubutu ne kawai, yaya za a yi ya karye? Shmuel Elitzur ya tabbatar a 1975 cewa daidaito irin wannan, na kowane wuri da nasa, ba ya karyewa da kansa. Nauyin W da Z gaskiya ne, an auna shi, labarin da ake bayarwa a kansa ne ke bukatar gyara. Hatta ginshiƙin lissafin bai kammala ba: a 2000 Cibiyar Clay ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya kafa ra'in Yang da Mills a kan hujja cikakkiya, kuma har yanzu ba wanda ya karɓa.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa hukunci a kan abin da ke haƙiƙa ya sauya sau da dama. Maxwell ya ɗaukaka fotanshal, Heaviside da Hertz suka sauke shi, Weyl ya mai da shi ƙa'idar gwamawa, Aharonov da Bohm suka nuna yana ɗauke da abin da fagen da ilektiron ya ratsa bai ɗauka ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, abin da ya tsira daga duk waɗannan sauye-sauye dangantaka ce: bambancin mataki tsakanin wuri biyu, da abin da zagaye ya bayar. Lambar da aka rubuta a wuri guda ta mai awo ce. Amma wannan bai sa ma'auni ya zama abin yarwa ba, domin ta wurinsa ne kowace ƙwarya ke samun abokiyar burminta. Ɗalibin kimiyya da ya haddace lissafi bai taɓa tambayar wane ɓangarensa ne na duniya, wane ne na alƙalami ba, yana iya cin jarrabawa, sai dai zai yi wuya ya gane ranar da aka tauye masa mudu. Ɗalibin Hausa kuwa yana da nasa aikin, domin muddin ba a iya tattauna waɗannan tambayoyi da Hausa ba, za su ci gaba da zama na wasu, alhali kakanninsa sun daɗe suna rarrabe hatsi da mudu a kasuwannin Kurmi da Agege.